Rigar gwanjo daga Bangaladash da wayar da aka yi wa Kawu

Alhamis ɗin da ta wuce na shiga kasuwar Maigatari, ba wai dabba na je saye ba don ni bana ko ɗan akuya ya fi ƙarfina, gwanjo na tsaya duba wa yara kafin sanyi ya kankama. Na ɗaga wata riga mai dogon hannu, ɗinkin nan tsaf kamar ba hannun mutum ya yi ba, na juya wuyan sai ga ƴar farar takardar nan an rubuta Bangaladash. Mai gwanjon ya ce dubu biyu da ɗari biyar, na taya dubu da ɗari biyar, muka daidaita a dubu biyu. Wallahi tun daga kan mashin har na isa gida rigar nan ce a raina, saboda satin da ya gabata aka sallami ƙanena daga aiki a Kano, kuma abin da ya jawo masa sallamar shi ne dai abin da ake korar masu ɗinka irin wannan rigar a kansa, wato ya ce su haɗa kai su yi yuniyon.

Ku duba tafiyar rigar nan fa. An ɗinka ta a wajejen Dakka, babban birnin Bangaladash, aka zuba a kwantena zuwa Turai ko Amurka, wani ya saka ya gaji ya bayar, aka ɗaure a dila aka turo Afirka, ta biyo ta Ƙofar Wambai ta sauka Maigatari. Duk wanda ta biyo ta hannunsa ya ci wani abu, amma wadda ta fi kowa wahala a kanta ita ce ta fi kowa samun kaɗan. Bangaladash tana da masu ɗinki a kamfanoni wajen miliyan 4, mata ne da yawansu, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na abin da ƙasar take fitarwa waje tufafi ne. Musulmi ne ƴan uwanmu akasarinsu, ƴan ƙauye ne irinmu da suka shiga birni neman na tuwo, ci-rani ne dai kamar yadda yaranmu suke tafiya Kano da Legas in an gama girbi.

Wanda bai san labarin Rana Plaza ba ya saurara. Bene ne hawa takwas a Savar kusa da Dakka, kamfanonin ɗinki biyar a ciki. Ran 23 ga Afrilun 2013 aka ga bango ya tsage, banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe kowa ya kama gabansa. Washegari aka ce wa masu ɗinki su shiga, wanda ya ƙi babu albashin wata. Suka shiga, wuta ta ɗauke, aka tada manyan janareta da ke saman benen, ginin ya rufto. Mutum 1,134 suka mutu, wajen 2,500 suka ji rauni. Abin da ya fi tsaya min a wuya, a cikin kamfanoni biyar ɗin nan babu ko ɗaya mai ƙungiyar ma'aikata. Kowa ya ga tsagar nan da idonsa, ba wai ba su da hankali ba ne, amma mace ɗaya mai ƴaƴa uku da kuɗin haya a kanta ta yaya za ta kalli manaja ta ce ba ta shiga? Da mutum dubu ne suka tsaya a bakin get da baki ɗaya, da manajan ne zai rasa yadda zai yi.

Bayan wannan musiba duniya ta yi ca, manyan kamfanonin Turai sama da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba gine-gine da kariyar gobara, kuma gaskiya an gyara da yawa, ba zan ƙi faɗa ba. An sa ƙofofin gudu, an gyara wayoyin wuta. Amma maganar ƙungiya nan ne gizo yake saƙa. Dokarsu a lokacin ta ce sai kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatan kamfani sun sa hannu kafin a yi wa ƙungiya rajista, a 2018 aka rage zuwa kashi 20. To ka tara sunayen a ɓoye, gida-gida da daddare, ka kai ofishin ƙwadago, kafin takarda ta fito sunayen sun riga ka isa teburin manaja. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan a ce ta makara, wannan a ƙara mata yawan abin da za ta ɗinka a awa har ta kasa, wannan a tura masa ƴan daban unguwa su tare shi a hanya, wani a maka shi kotu da ƙarar ƙarya, wani a baza sunansa a sauran kamfanoni kar kowa ya ɗauke shi. In sunaye suka ragu sai ofis ya ce adadi bai cika ba. Wata dabarar kuma manaja ya kafa tasa ƙungiyar da yaransa, ya yi mata rajista, in baƙi sun zo daga Turai duba aiki a nuna musu a ce ga yuniyon nan muna da ita.

Ba a tsaya kan kora ba ma. Aminul Islam mai haɗa kan ma'aikata ne, a Afrilun 2012 ya ɓace, aka tsinci gawarsa da alamun azabtarwa. Shahidul Islam kuma a Yunin 2023 ya je wani kamfani a Gazipur kan albashin ma'aikata da aka riƙe ana dab da babbar Sallah, yana fitowa aka rufe shi da duka har ya cika. Kuɗin Sallah fa jama'a, haƙƙin da mutane suka riga suka yi wa gumi. A ƙarshen 2023 ɗin ma'aikata suka fito suna neman mafi ƙarancin albashi ya koma taka (kuɗin ƙasarsu) 23,000 a wata, aka harbe wasu, aka tsaida 12,500.

Yanzu bari in dawo gida. Ƙanena shekara biyu yana wani kamfani a Kano, ba zan faɗi suna ko unguwa ba, suna ɗinka buhu da yunifom, wasu kayan har Nijar da Chadi ake kaiwa. Awa goma sha biyu a kan keke, babu takardar ɗaukar aiki, ta hannun ɗan kwangila ake biyansu, ranar da ba ka zo ba ko jana'izar uwarka ka je babu kuɗinka. Wani yaro ɗan wajen Ringim injin yanka ya cire masa yatsu biyu, aka ba shi kuɗin kemis aka ce ya je ya huta, da ya warke ya dawo mai gadi ya ce sunansa ba ya cikin littafi. Wannan ne ya tada musu hankali. Su goma sha bakwai suka zauna wajen mai shayi bayan isha'i, suka rubuta sunayensu a littafin makaranta, abin da suke so bai wuce uku ba, safar hannu da takunkumi saboda ƙurar buhu, kuɗin obataim, da takarda mai nuna cewa su ma'aikata ne. Suka ce za su je ofishin ƙungiyar ƙwadago a nuna musu yadda ake yi.

Kwana uku ba a yi ba manaja ya san sunan kowa. Kuma ku ji inda namu ya bambanta da na Bangaladash, a nan ba sai an ɗauko ɗan daba ba, ba a kashe ko sisi. Waya ɗaya manaja ya yi wa Alhajin da ya samo wa ƙanena gurbin, Alhaji ya kira Kawunmu, Kawu ya ce yaro ya zo gida gobe-goben nan. Ina zaune a zaure aka yi. Ya durƙusa ya gaishe shi, Kawu ko amsawa bai yi ba ya ce, kai yanzu mutumin da ya rufa maka asiri shi za ka kunyata a idon duniya? Yaron kansa a ƙasa ya ce, Kawu Allah ya huci zuciyarka, ba faɗa muke ba, haƙƙinmu muke tambaya. Kawu ya ce rufe min baki, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, akwai yara nawa a garin nan da suke zaune a gindin dalbejiya ba aikin fari ba na baƙi, kai ka samu kana neman yi mana butulci, ubanka bai yi mana haka ba.

Nan ne na kasa shiru. Na ce Kawu a gafarce ni, amma Baba ɗan yuniyon ne fa. Na tashi na shiga ɗakin Inna na buɗe tsohuwar adakar nan ta ƙarfe, na ɗauko katinsa na ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, ya yi ja saboda tsufa, hotonsa da ƙaton gashi ba hula. Baba ya yi shekaru a masaƙa a Bompai, kuma gidan da muke zaune a zaurensa ranar da kuɗin masaƙa aka yi masa kwano. A zamaninsu ƙungiya takan zauna da masu masaƙu a rubuta yarjejeniyar albashi da alawus, ba wai abin da manaja ya ga dama ba. Adams Oshiomhole da kuke gani daga masaƙar Kaduna ya taso, ya daɗe yana sakataren wannan ƙungiya kafin ya shugabanci NLC, ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, a 1999. Kawu ya juya katin ya kalla, ya ce wancan zamani daban, ya miƙo min. Ban ƙara magana ba, babba babba ne. Yaron ya koma ranar Litinin don ya ba da haƙuri kamar yadda aka umarce shi, aka ce ya tsaya a waje, sufabaiza ya fito da kuɗin kwana tara a ambulan. Su shida aka sallama, sauran sha ɗaya kowa ya ce shi shayi kawai ya je sha.

Ni abin da nake so mu gane ke nan, kunya da biyayyar da muke taƙama da su, waɗanda abin kirki ne a gida, su aka mayar bulala a kamfani. Gurbin aiki ya zama alfarma, ta hannun kansila ko wani Alhaji yake zuwa, saboda haka duk wanda ya buɗe baki ba da manaja yake rigima ba, da danginsa yake yi. Alhali dokar ƙasa tana bayansa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba kowa damar shiga ƙungiyar ƙwadago, dokar ƙwadago ta hana a kori mutum don ya shiga, akwai kotun ma'aikata ta musamman, tun 1960 Najeriya ta amince da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya kan wannan. Amma yaron da ba shi da ko takardar shaidar cewa ya taɓa aiki a wurin, da me zai je kotu, kuɗin motar Kano ma sai an yi masa karo-karo.

Kuma kar wani ya ce ai abin bai kai can ba a wajenmu. A 2020 lokacin korona ƴan sanda suka fitar da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Kano, an kulle su ciki wata da watanni ba fita. A Kanon nan fa, ba Dakka ba.

Dalilin da ya sa na zauna nake ta wannan dogon rubutu da babban yatsa, duk lokacin siyasa sai an zo mana da zancen za a kawo kamfanonin ɗinki, za a farfaɗo da auduga, za a riƙa fitar da kaya waje, matasa dubu kaza za su samu aiki. Muna so wallahi, ni ne na farko a layi. Ga yankin ciniki na musamman nan a Maigatari, ga wani a Fanisau. Amma mutum nawa ne suka san cewa dokar irin waɗannan yankuna ta 1992 ta ce babu yajin aiki har shekara goma daga fara aiki a yankin? Su masu wannan sana'a ba don suna ƙaunar wata ƙasa suke zuwa ba, inda hannu ya fi arha kuma baki ya fi shiru suke bi. Habasha ta gina musu katafaren wuri a Hawasa, aka yi ta murna, sai ga shi a 2019 ana biyan yara mata wajen dala 26 a wata, da yawa suka riƙa ajiye aikin suna komawa ƙauye don kuɗin bai isa ci da haya ba.

Na san abin da za a ce min, in kun matsa kamfani zai tattara ya tafi, kuma yuniyon ne suka kashe masaƙu. Wannan na biyun ban yarda ba ko kaɗan. A tambayi duk tsohon ma'aikacin Bompai ko Sharaɗa ko Kakuri, zai ce maka rashin wuta ne, da tsadar baƙin mai, da atamfar Chaina da aka riƙa shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya ta cika Kantin Kwari. Na farkon kuma akwai ƙamshin gaskiya, wani zai tafi ɗin. Su ma shugabannin ƙwadagon namu ba waliyyai ba ne, wasu sun fi son a yanko musu kuɗin wata-wata daga albashin ma'aikatan gwamnati su hau mota mai sanyi, ba ka ganinsu a bakin get ɗin Sharaɗa ƙarfe shida na safe inda yaran kwangila suke layi. Da suna zuwa, da yara goma sha bakwai ba su rubuta sunayensu a littafin makaranta a gaban mai shayi da duk wanda ya zo wucewa ba, da an koya musu yadda ake takatsantsan.

Ƙanen nawa yanzu yana gida, mun haɗa masa keken ɗinki na Inna na ƙafa, ya kafa a rumfar bakin masallacin Juma'a yana facin kaya da rage tsawon gwanjo. Jiya na kai masa rigar Bangaladash ɗin ya rage hannun don ta yi wa babban ɗana yawa. Ya juya ta ciki waje ya daɗe yana bin ɗinkin da yatsa, ya ce Yaya wannan ba mutum ɗaya ya ɗinka ba, layi ne, mai wuya daban mai hannu daban mai maɓalli daban, kuma duk wadda ta yi wuyan nan sauri take, ka ga inda zaren ya ɗan kauce. Na ce nawa zan biya, ya ce ɗari uku, na ce ɗari biyu, ya ce Yaya kai ma?