Abin da muke nema wa Musulmi inda ba su da rinjaye

Duk lokacin da labari ya zo cewa an ci zarafin Musulmi a wata ƙasar da suke 'yan tsiraru, sai shafukan sada zumunta su cika da addu'o'i da Allah-wadai, bayan kwana biyu ko uku kuma a yi tsit har sai wani abin ya sake faruwa. Ban raina addu'a ba ko kaɗan, amma na daɗe ina ganin cewa muna leƙa rayuwar waɗannan 'yan'uwa ta ƙofar kuka kaɗai, alhali a cikinta akwai darasin da ya shafe mu, musamman mu da muka tashi muna jin kiran sallah ta kowace kusurwa ba tare da mun taɓa tunanin akwai inda sai hukuma ta yarda kafin ladani ya ɗaga murya ba.

Kalmar "tsiraru" ma kanta tana ruɗarwa. A ƙidayar shekarar 2011 Musulmin Indiya sun kai kimanin miliyan 172, adadin da ya zarce mutanen Masar da na Saudiyya a haɗe, amma yawansu bai hana a rushe masallacin Babri a Ayodhya a watan Disambar 1992 ba, bai kuma hana majalisa ta yi dokar 2019 ba, wadda ta sauƙaƙa wa mabiya addinai shida daga Pakistan da Bangladesh da Afghanistan samun zama 'yan ƙasa ta bar Musulmi a waje. A Ingila da Wales kuwa, ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 ne kacal, kashi 6.5 cikin ɗari, duk da haka mutanen Landan sun zaɓi Sadiq Khan magajin gari tun 2016 suka kuma maimaita. Su kuwa 'yan Rohingya, dokar zama ɗan ƙasa ta Myanmar ta 1982 ce ta fara mayar da su baƙi a ƙasar kakanninsu, shekaru 35 kafin sojoji su kori sama da mutum 700,000 zuwa Bangladesh a 2017. Wanda ya jera waɗannan uku zai ga cewa abin da ke raba aminci da bala'i shi ne ko dokar ƙasa ta ɗaura haƙƙin mutum a kan addininsa ko ba ta ɗaura ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Switzerland, domin babu harbi ko ƙone-ƙone a cikinsa. A watan Nuwamban 2009 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, kimanin kashi 57 cikin ɗari suka amince a haramta gina hasumiyar masallaci, a ƙasar da hasumiyoyi huɗu ne kacal a cikinta gaba ɗaya. Komai an yi shi bisa ƙa'ida, an jefa ƙuri'a, an ƙirga, masu rinjaye sun yi nasara. Gwamnatin ƙasar ta yi adawa da matakin, haka ma shugabannin cocin Katolika da na Furotesta da ƙungiyar Yahudawa, amma duk a banza. A nan ne na fahimci cewa rinjaye ma yana iya zama makamin zalunci idan aka bar shi yana yanke hukunci a kan ibadar wanda ba shi da yawan ƙuri'a. Faransa ta bi tata hanyar, daga dokar 2004 da ta hana alamomin addini a makarantun gwamnati zuwa hana rufe fuska a bainar jama'a a 2010, kuma ya kamata a lura cewa dokar 2004 ta faɗa kan rawanin 'yan Sikh da hular Yahudawa kamar yadda ta faɗa kan hijabi. Shi ya sa Musulmin da ke can, idan ya je kotu, hujjarsa ita ce 'yancin addini ga kowa, kuma sau da yawa wanda ke tsaye kusa da shi a gaban alƙali Bayahude ne ko Kirista, kamar yadda aka gani lokacin da Musulmi da Yahudawan Beljiyam suka ƙalubalanci dokar da ta taɓa yadda suke yanka dabba.

Wannan zama ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. A shekara ta biyar bayan aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura sahabbansa Habasha, ƙasar Kirista, saboda sarkinta ba a zaluntar kowa a wurinsa. Da Ƙuraishawa suka aiko Amr ɗan As ya nemi a mayar musu da su, sarki Najashi ya ƙi miƙa su sai ya ji ta bakinsu, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa farkon Suratu Maryam, bai ɓoye aƙidarsa game da Annabi Isa ba, bai kuma zagi addinin mai masaukinsa ba. Akwai abin da masu wa'azi kan tsallake a wannan ƙissa, wato cewa Ja'afar bai baro Habasha ba sai a shekara ta bakwai bayan hijira, lokacin Khaibar, alhali Madina ta daɗe da kafuwa. Littattafan sira sun kuma ruwaito cewa da wani ya yi wa Najashi tawaye, Musulmin sun yi masa addu'ar nasara.

Saboda haka nakan yi mamakin masu zama daga nesa suna yanke wa Musulmin Turai ko na Indiya hukunci cewa su tattara su yi hijira. Ina Musulmin jihar Kerala ta Indiya zai tafi, bayan kakanninsa sun fi shekara dubu a wurin? Matsalolinsu na yau da kullum sun fi ƙarfin fatawar mai kallo daga waje: yadda za a yi azumi a arewacin Norway inda rana kan yi makonni ba ta faɗi ba, matsayin matar da ta musulunta mijinta bai musulunta ba, mallakar gida inda babu hanya sai bashin banki. Irin waɗannan tambayoyi ne suka sa aka kafa majalisar fatawa ta Turai a 1997, mai mazauni a Dublin, kuma ko mutum bai yarda da duk fatawowinta ba, wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Inda maganar ta fi ɗaci shi ne idan muka juyo da madubin. Mun yaɗa hoton Jacinda Ardern, firaministar New Zealand ta lokacin, da mayafi bayan kisan mutum 51 a masallatan Christchurch a ranar 15 ga Maris, 2019, mun ji daɗi da aka watsa kiran sallah a kafofin ƙasar a Juma'ar da ta biyo baya. To, da aka ƙona coci-coci da gidajen Kiristoci a Jaranwala ta Pakistan a watan Agustan 2023, nawa ne daga cikinmu suka rubuta ko da layi ɗaya? Da mayaƙan ƙungiyar IS suka afka wa mabiya addinin Yazidi a Sinjar ta Iraƙi a 2014 fa? Ba zai yiwu mu kira ƙuri'ar Switzerland zalunci ba, sannan idan mu ne da rinjaye mu ce ai ƙasarmu ce, wanda bai ji daɗi ba ya bar ta. Aya ta 40 a Suratul Hajji, da take ambaton wuraren ibadar da da an rushe su in ba don Allah yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba, ta jero ɗakunan ibadar ruhbanawa da coci-coci da wuraren bautar Yahudawa kafin ta ambaci masallatai.

A watan Janairun 2016 malamai da dama daga ƙasashen Musulmi, ciki har da Shaihu Abdullahi bin Bayyah, sun taru a Marrakesh ta Maroko suka fitar da sanarwa kan haƙƙin waɗanda ba Musulmi ba a ƙasashen da Musulmi ke da rinjaye, suka kafa hujja da yarjejeniyar Madina. Shekaru sun shuɗe tun daga nan, na saurari huɗubobi masu yawa kan halin da 'yan'uwanmu suke ciki a Indiya da Faransa, amma ni dai har yau ban ji limamin da ya ambaci wannan sanarwa a kan mumbari ba.