Addu'ar da mutanen Fiesch suka juya

A shekarar 1678 mutanen ƙauyukan Fiesch da Fieschertal a ƙasar Siwizalan suka ɗauki alkawari, wai za su gyara halinsu su riƙa yin addu'a, Allah Ya tsayar musu da Aletsch. Shi Aletsch kogin ƙanƙara ne, dusar da ke zuba saman duwatsu ce ke taruwa shekara da shekaru tana danne kanta har ta daskare, sai nauyinta ya riƙa janta tana gangarowa cikin kwari, tafiyar hawainiya, kuma duk tsaunukan Alps babu kamarsa, tsawonsa wajen kilomita 20. A wancan zamanin gaba yake ci, yana lashe makiyaya, ga tafkin Märjelen da ya tare, in ya ɓalle sai ambaliya.

To yanzu reshe ya juye da mujiya. Daga wajajen 1870 zuwa yau ya ja baya da kusan kilomita 3, har a 2009 jikokinsu suka nemi izinin Fafaroma Benedict na 16 su sauya addu'ar, a koma roƙon ƙanƙarar ta dawo, ya kuma amince a 2010.

Ni dai ban ga laifinsu ba. Abin da ke ban haushi shi ne kame-kamen da ake yi ana kiransa mafita. Can a wani kogin ƙanƙara na Siwizalan mai suna Rhône duk lokacin zafi sai a lulluɓe wani yanki da fararen barguna, yana rage narkewa kam, amma wane yanki? Inda aka haƙa kogon da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su shiga. Sauran kuwa ko oho. A 2022 da 2023 kaɗai Siwizalan ta rasa kashi 10 cikin ɗari na ƙanƙararta, bargo nawa zai rufe wannan, alhali hayaƙin gawayin kwal da fetur da gas da ke ɗumama duniya ana ta ƙara shi?

Kuma abin na da yaudara fa, don yanzu ruwan narkewa na kwarara cikin kogin Rhône sosai, madatsun lantarki na samu, manoma na samu, sai a ɗauka lafiya lau. Uwar kuɗi ake ci ba riba ba. Ranar da ƙanƙarar ta ƙanƙance, a tsakiyar zafi lokacin da aka fi bukatar ruwa kogin zai ja baya, kuma har Faransa, inda kogin ke ratsawa, za su ji a jikinsu.