Allura Ta Ce Rabi

Da turi aka kawo tsohuwar a-kori-kurar Alhaji, 'yar Japan, ƙofar rumfar mai rewaya, da buhu 12 na gero a bayanta. Daga Dawanau suka taso, ko Kurna ba su kai ba ta yi tari biyu ta mutu. Direba da karen mota sun jiƙe sharkaf. Alhaji kuwa shi ya riƙe sitiyari, ko gumi babu.

Mai Rewaya: Sannunku da turi. Me ya same ta?

Alhaji: Ko kabireta ko fulogi. Kome ka ce na yarda, ban da mai. Mai kam rabin tanki ne, ga allura nan ka gani da idonka.

Karen Mota: Tun Babbar Sallah take rabi.

Alhaji: Albarka ke nan, ja'iri. Motar da aka saya da halak ba ta shan mai kamar ta wasu.

Mai rewaya ya durƙusa ya ƙwanƙwasa tankin da sifana. Sai da ya amsa kamar garwar ɗan ga-ruwa da aka juye.

Mai Rewaya: Alhaji, tanki ya ce babu.

Alhaji: Allura ta ce akwai. Ita ta yi boko, ita ke zaune gaba. Tanki kuwa a ƙarƙashi yake, me ya sani?

Mai Rewaya: To bari mu ji wa ke ƙarya. Direba, murɗa makulli, kada ka tayar.

Direba: Na murɗa. Ga ta nan tana hawa a hankali. Ta tsaya a rabi.

Mai Rewaya: Kashe.

Direba: Ta sauka.

Mai Rewaya: Ke nan wuta na zuwa mata, fis bai ƙone ba. Da fis ne, da ko motsi ba za ta yi ba, kuma da wuya ta zafin inji ta tsira, don galibi layinsu ɗaya. Yaro, kai ne siriri, shiga ƙarƙashi. A saman tanki akwai waya, zare ta.

Karen Mota: Oga, in mota ta faɗo mini fa?

Direba: Da wane man za ta motsa?

Alhaji: Da rabin tanki!

Karen Mota: Na zare.

Direba: Na sake murɗawa. Tana kwance kan E, ko numfashi ba ta yi.

Alhaji: Ka ji ko? E ta ce. E, akwai.

Mai Rewaya: Yanzu dangwala bakin wayar a jikin ƙarfen mota, inda babu tsatsa. Dangwalawa na ce, kada ka bar ta a kai, sai gejin ya ƙone.

Direba: Kai! Ta miƙe, ta nufi F!

Alhaji: Innalillahi! Fanko! Yaro, saki wayar nan, ka zubar mini da mai!

Mai Rewaya: Alhaji, E ita ce babu, F ita ce cike.

Alhaji: Wa ya faɗa? Shekara nawa ina karanta ta haka.

Direba: Shi ya sa duk ran da na ce maka ta kusa E sai ka ce alhamdulillahi, ka mayar da hannu aljihu.

Mai Rewaya: Ku dakata. Geji lafiyarsa lau, waya ma haka. A irin wannan motar, in ka haɗa wayar da ƙarfe allura ta hau, in ka sake ta ta sauka, to daga nan zuwa gaban mota babu mai laifi. Ɓarawon yana cikin tanki.

Direba ya yi tari, ya hau gyara hula.

Alhaji: Wane ne a cikin tankin?

Mai Rewaya: Fulota. Wani ɗan ƙoƙo ne mai iska a ciki, yana yawo a saman mai kamar gora a kogi. An ɗaure shi da siririn ƙarfe, ƙarfen kuma yana goga wata nannaɗaɗɗiyar waya. Mai ya hau, ya hau da shi. Mai ya sauka, ya bi shi. Gogar nan ita ke rage wuta ko ƙara ta, allura ta ji ta faɗa. In ya huje ya sha mai, nutsewa yake, kullum allura na ƙasa ko ka cika tanki. In wayar ta cinye a wani wuri, sai allura ta riƙa rawa. Naka kuwa ya tsaya cak a tsakiya, ke nan wani abu ya riƙe shi. Ko tsatsa, ko tankin ya bugi dutse ya lotsa.

Alhaji: Nawa ne sabo?

Mai Rewaya: Sai an leƙa Ƙofar Ruwa.

Alhaji: A'a, a fara leƙa tankin, shi ba a biya.

Aka cire kan batir, aka kwance tanki aka sauke shi da hannu ɗaya, don ba shi da nauyin komai. Mai rewaya ya kwance ƙananan notina ya ɗaga murfin. Ciki duhu.

Karen Mota: Ga ashana, a haska.

Mai Rewaya: Fita mini daga rumfa! Tankin da babu mai ai shi ya fi tashi, tururin ne ke kamawa. Miƙo tocila.

Ya zura yatsu biyu a hankali, ya zaro fulota. Ƙoƙon garau yake, ko huji babu. Amma a hannunsa ga wani guntun koren tiyo, kamu ɗaya, ya naɗe ya tokare shi.

Alhaji: Wannan kuma mene ne?

Direba: Da shi ta zo daga kamfani.

Mai Rewaya: Kamfanin ya tauna bakinsa ma, ga shaidar haƙori.

Karen Mota: Lah, Oga, ashe nan ya shige! Ran nan da muka je wajen ɗan bumburutu da jarka, ka ce...

Direba: Rufe mana baki!

Alhaji: Wato zuƙe mini mai kake yi?

Direba: Ranka ya daɗe, in zuƙi me? Tun da aka cire tallafi a 2023, man da kake zuba mata ko kyankyaso ya faɗa ciki ba zai jiƙa gwiwa ba. Neman sa nake yi a ƙasan tanki har tiyon ya tsinke.

Aka wanke fulota aka mayar, aka ɗaura tanki, aka haɗa waya da batir. Direba ya murɗa makulli. Allura ta yi kwanciyarta ƙarƙashin E.

Mai Rewaya: Yanzu ta gyaru. A sayo galan ɗaya ku ga yadda za ta ɗaga.

Alhaji ya daɗe yana kallon allurar. Ya taɓa aljihu, ya sauke hannu.

Alhaji: Wato kafin in zo wurinka ina da rabin tanki, yanzu ba ni da ko ɗigo, kuma ni zan biya ka?

Mai Rewaya: Haka ne, Alhaji.

Alhaji: Ina tiyon nan?

Karen Mota: Ga shi.

Alhaji: A mayar da shi inda aka same shi. Ku kuma ku zo ku tura, gero na jiran mu.