Ba Sanyin Hali Ne Ya Kai Tafawa Ɓalewa Kujerar Firayim Minista Ba

Jiya da yamma mai kantin unguwarmu ya ba ni canji, a ciki har da naira biyar ɗin nan ta leda, ta koɗe ta yi laushi don shan hannu. Ƙaramin ɗana ya karɓa yana jujjuyawa, ya ƙura wa hoton ido, sai ya ce, "Baba, wannan wane sarki ne?" Rawanin ya gani. Na ce masa ba sarki ba ne, kuma ba ɗan sarki ba ne, malamin makaranta ne sunansa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tun daga nan maganar ta tsaya mini a rai, don na lura mu manyan ma ba mu fi yaron sanin mutumin ba sosai.

Duk ranar 15 ga Janairu, ranar da sojoji suka kifar da gwamnatinsa a 1966, sai ka ga an cika Facebook da hotunansa. Abin da ake faɗa bai wuce uku ba: yana da murya mai daɗi, yana da sanyin hali, ya rasu bai bar dukiya ba. Duk gaskiya ne, Allah Ya jiƙansa. Amma wallahi abin yana damuna, don mun mai da shi kamar wani bawan Allah da aka ɗauko daga tabarma aka ɗora a kujera saboda ba ya musu. Wasu ma har cewa suke yi ɗan aiken Sardauna ne kawai a Legas. Ni ban yarda ba, kuma tarihin yadda ya taso ne hujjata.

An haife shi a 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke ƙasar Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana aiki ne a ƙarƙashin hakimin Lere. Wanda ya san Arewar wancan zamani ya san abin da wannan yake nufi. Ɗan baran hakimi ba ya ɗaga murya a gaban ɗan sarauta, ko da ya fi shi karatu. Daga makarantar allo ya shiga elementare, ya wuce makarantar lardi ta Bauchi, sannan a 1928 ya tafi Kwalejin Katsina, inda ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardauna, yana ajin gaba da nasa. Ya gama a 1933 ya koma Bauchi ya kama alli a Midil, har ya zama shugaban makarantar. A farkon aikinsa ne ya rubuta Shaihu Umar don gasar rubutun Hausa da aka shirya a 1933, labarin yaron da aka sace aka ƙetara da shi Sahara. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da aka ce ya ƙago labari, bauta da raba uwa da ɗa ya zaɓa ya yi magana a kai.

Bauchin wancan lokaci ba wurin barci ba ce. A nan Malam Sa'adu Zungur yake, a nan Malam Aminu Kano ya fara koyarwa, a makaranta ɗaya da Abubakar. Suna da dandalin muhawara da ake zama ana tattauna mulkin En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya, da haraji da aikin tilas, wani lokaci Turawan mulki na zaune suna ji. Cikin su ukun shi ne mai taka-tsantsan, wannan ba a musu. A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ya yi shekara guda yana nazarin aikin koyarwa. Yana dawowa aka zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa a 1946, a 1947 kuma ya shiga majalisar ƙasa a Legas.

To, ga wurin da nake so a tsaya a duba da kyau. A watan Agustan 1950, a zauren majalisa a Kaduna, wannan malamin makaranta ya miƙe ya kawo ƙudurin a kafa kwamiti ya binciki tsarin mulkin En'e gaba ɗaya. Ku tuna su wa ke zaune a zauren: wazirai, hakimai, 'ya'yan sarakuna, ga Razdan-Razdan na Turawa waɗanda mulkinsu kacokan a kan wannan tsari ya dogara. Shi kansa ma'aikaci ne a cikin tsarin da yake suka, abincinsa yana hannunsu. Ya yi magana kan yadda aka tara iko a hannun sarki shi kaɗai ba mai ce masa don me, da yadda cin hanci da karɓar gaisuwa suka zama jiki, da yadda ba a taɓa tambayar talaka ra'ayinsa ba sai dai a ba shi umarni. Bai zagi kowa ba, bai ce a rushe sarauta ba. Cewa ya yi a gyara tun kafin abin ya rushe da kansa. Da ƙyar ƙudurin ya tsallake, kuma sarakuna da dama sun ji zafinsa ƙwarai. Amma bincike ya biyo baya, aka soke matsayin sarki mai yanke hukunci shi kaɗai aka koma sarki da majalisarsa, aka zo aka yi dokar En'e ta 1954.

A wannan watan dai, ranar 8 ga Agusta, aka kafa jam'iyyar NEPU ta 'yan Sawaba a Kano. Mun riƙe tarihin 'yan Sawaba, kuma sun cancanta, don sun sha ɗauri da bulala a kan talaka. Abin da muka manta shi ne akwai wanda ya faɗi kusan irin maganarsu a cikin zaure, ido da ido da masu abin, da harshen da ba za su iya cewa rashin kunya ba ne. Ni a ganina ranar ce Abubakar ya zama shugaba. Duk muƙaman da suka zo daga baya tabbatarwa ce kawai.

Kuma sun zo da sauri. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya na sufuri. A 1957 ya zama Firayim Minista na farko, ya jawo har da 'yan Action Group, jam'iyyar Awolowo, cikin gwamnatin haɗin kai don a tunkari 'yancin kai da murya ɗaya. Gaskiya ne Sardauna ne shugaban jam'iyya, shi mataimaki, kuma Sardauna ya zaɓi zaman Kaduna. Amma a tambayi kai: cikin duk 'ya'yan sarautar da ke NPC, me ya sa ɗan Yakubu Ɗan Zala ne ya tsaya a Legas? Don shi ne wanda zai zauna da Azikiwe da Awolowo da lauyoyin Kudu a yi muhawara da Turanci ba a kayar da shi ba, ya kuma tashi ba a yi baram-baram ba. Wannan gwaninta ce da ya tara tun daga aji da dandalin Bauchi, ba kyauta aka ba shi ba.

Akwai wani hali nasa da ba a cika ambata ba, wanda ni ya fi burge ni. A ƙarshen shekarun 1940 shi da bakinsa ya faɗa a majalisa cewa haɗin kan Nijeriya a takarda kawai yake, ƙirƙirar Turawa ce. Ba ya ɓoye shakkarsa. A 1955 ya je Amurka duba yadda ake sufuri a kogin Misisipi, don a yi amfani da Neja da Binuwai. Can ya ga mutane iri-iri daga asali daban-daban sun zama ƙasa ɗaya, ya dawo ya ce ya sauya ra'ayi, kuma ya rayu a kan sabon ra'ayin har ƙarshensa. Babba ya fito fili ya ce da na ɗauka kaza, yanzu na gane ba haka ba ne, wannan sai mai ƙarfin zuciya.

Mai sanyin halin nan ne fa ya kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, ƙasa tana da wata uku da samun 'yanci. Yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata ta fice daga ƙungiyar Kwamanwel a shekarar. Ya tura sojoji Kwango, ya yi jawabi a majalisar dokokin Amurka, yana Adis Ababa a 1963 aka kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka. A gida, a zamaninsa aka ja layin dogo ya bi ta Bauchi zuwa Maiduguri, aka gina gadar Neja a Onica, aka fara madatsar ruwa ta Kainji.

Ba zan rufe ido ba don ina ƙaunarsa. Rikicin Jihar Yamma tabo ne a mulkinsa. Dokar ta-ɓaci ta 1962, ɗaurin Awolowo a 1963, taƙaddamar ƙidaya, zaɓen 1964 da wasu suka ƙaurace wa, tarzomar ƙasar Tibi, sannan zaɓen Yamma na Oktoban 1965 da aka tafka maguɗi har aka riƙa ƙona mutane da gidaje. A nan Abubakar ya yi jinkiri. Wanda ya iya fuskantar sarakuna a 1950 ya kasa taka wa abokan ƙawancen jam'iyyarsa burki a 1965, kuma ina ganin biyayyar jam'iyya ce ta ɗaure masa hannu. Yana karɓar baƙuncin shugabannin Kwamanwel a Legas kan batun Rodeshiya (Zimbabwe a yau), wuta na ci a Ibadan. Wannan kuskure ne babba. Amma ba shi ne lasisin da zai sa wasu sojoji su shiga gidansa da tsakar dare ranar 15 ga Janairun 1966 su tafi da shi ba. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta. Yana da shekara 53.

Na taɓa ziyartar kabarinsa a Bauchi. Za ka bi ta wani dogon lungu mai duhu, haske na ɗan ratsowa, kana hawa a hankali, sai kwatsam ka fito fili, ba rufi, sama a buɗe, ga kabarin nan a ƙasa ba ado. Na tsaya na yi masa addu'a, na ga 'yan makaranta sun zo an jera su ana ba su labari. Abin da na ji ana faɗa musu shi ne dai muryar zinariya da rashin tara dukiya. Ban ji an ambaci Agustan 1950 ba.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu na tarihi da na Hausa, musamman na jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Bauchi da na Zariya da Kano, su nemo jawabin nan a kundin majalisa, su fassara shi da Hausa mai sauƙi, a buga shi ɗan ƙaramin littafi a kai makarantun sakandare. Naira biyar ɗin kuwa na bar wa yaron, ya sa ta cikin littafinsa. Na yi masa alkawari in an yi hutu, in Allah Ya yarda, zan kai shi Bauchi.