Tela ba ya ɗinka tarbiyya

Tun ranar da Shugaba Emmanuel Macron ya tsaya gaban 'yan jarida a watan Janairun 2024 ya ce Faransa za ta gwada sa wa ɗalibai yunifom a makarantu kusan 100, kuma idan kwalliya ta biya kuɗin sabulu a game ƙasar da shi a 2026, wasu mutane suka sami abin kafa hujja. Ka ji su a rediyo, ka gan su a Facebook: ai ga shi nan, har Turawa sun dawo hanya, sun gane cewa tarbiyya daga tufafi take farawa. Shugabannin makarantun da dama can suke tsare ƙofa da bulala suna auna tsawon siket da launin safa sun ƙara samun ƙarfin gwiwa. Wannan tafin da ake yi ne ya dame ni, domin masu yinsa ba su tsaya sun dubi abin da suke tafa wa ba.

Gwamnatin da ta kawo gwajin yunifom ita ce wadda ministan iliminta na lokacin, Gabriel Attal, ya haramta abaya a makarantun gwamnati a ƙarshen watan Agustan 2023, yana dogaro da dokar nan ta 2004 da ta hana alamomin addini a aji. Ranar da aka koma makaranta 'yan mata 298 suka zo da abaya, 67 suka ƙi cirewa, aka mayar da su gida. A ƙasar da ke da ɗalibai kimanin miliyan 12 ke nan. Wato an tayar da ƙura a kan 'yan mata da ba su cika ɗakin taro guda ba, daga nan kuma aka zarce zuwa maganar yunifom. Duk wanda ya bi zaren labarin ya san ba faɗuwar yara a lissafi ce ta haifi wannan gwaji ba. Siyasa ce, kuma 'yan siyasa sun daɗe da gane cewa dokar tufafi ita ce gyaran ilimi mafi araha: ba a gina aji, ba a ɗauki malami ba, amma gobe da safe kowa zai ga an yi wani abu.

Wani abu guda kuma masu tafin suna tsallake shi. A gwajin na Faransa, kayan kowane ɗalibi sun kai kusan yuro 200, kuma gwamnatin tsakiya da ƙananan hukumomi ne suka raba kuɗin a tsakaninsu. Ba a ce wa uban yaro ya kawo ko sisi ba. Mai makarantar da ke ambaton Macron a taron iyaye, ko ya shirya yin koyi da shi a nan wajen?

A zo ga babbar hujjarsu, cewa yunifom yana gyara hali. Wannan magana ta yi kaka-gida a zukata har ba a tambayar inda ta samo asali. A Amurka ta yi tashe ne bayan da hukumar makarantun Long Beach a jihar Kalifoniya ta wajabta yunifom a 1994, ta kuma ba da rahoton raguwar faɗace-faɗace, har Shugaba Bill Clinton ya yaba da abin a jawabinsa ga majalisa a 1996. Sai dai Long Beach ta kawo wasu gyare-gyaren a daidai wannan lokaci, saboda haka ba wanda ya isa ya rantse cewa riga ce ta yi aikin. Da masu bincike biyu, David Brunsma da Kerry Rockquemore, suka bi bayanan dubban ɗaliban sakandare suka fitar da sakamako a 1998, ba su ga wani tasiri na kai tsaye da yunifom ya yi a kan hali, ko zuwa makaranta, ko shaye-shaye ba. Shekaru fiye da 20 bayan haka Arya Ansari na Jami'ar Jihar Ohio ya bi yara sama da 6,000, shi ma bai ga bambancin hali tsakanin masu yunifom da marasa shi ba. Akwai binciken da ya ga ɗan ƙarin zuwa makaranta, na yarda, amma bai kai a gina masa wannan hasumiya ba. Ɗaliban Finlan ba sa sa yunifom, na Singafo suna sawa, duka biyun kuma sun yi suna a karatu. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Kar a ɗauka ina ƙin yunifom. Ina sonsa, amma saboda dalili ɗaya tak, wato rufin asiri. Idan aka koma tarihi, makarantar Christ's Hospital da aka kafa a Landan a 1552, wadda ake yawan ambata a matsayin tushen kayan makaranta, ta marayu ce da 'ya'yan talakawa. Makarantar ce ta tufatar da su da shuɗiyar doguwar riga, kuma har yau kyauta take ba ɗalibanta kayan. An ƙirƙiri abin ne don yaron da ba shi da riga ya shigo aji ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Matashi mai shekara 14 ya fi kowa sanin wane ne ya maimaita wando ɗaya kwana biyar a jere, kuma bakin yara ba shi da linzami. Yunifom yana kashe wannan gasar, ko ya rage mata kaifi. Masu cewa a soke shi baki ɗaya don yaro ya bayyana kansa ta hanyar ado, da alama ba su taɓa zama wanda ba shi da abin bayyanawar ba.

To, yau ina aka kwana? Rigar da aka yi don ta shigo da ɗan talaka ita ce ke korarsa daga ƙofa.

Na koyar a wata sakandare na 'yan shekaru, kuma na yi aikin tsaron ƙofa a makon da ya faɗo kaina. Doka ta ce baƙin takalmi. Wata Litinin wani yaro ɗan aji biyu ya zo da mai ruwan ƙasa, an goge shi fes, har an shafa masa wani abu don ya yi duhu, sai dai rana ta tona asirin. Rigarsa fara ce, kafaɗunta da ɗan danshi, alamar daren jiya aka wanke ta ba ta gama bushewa ba. Na ce, "Kai, ina baƙin takalminka?" Ya ce, "Malam, ya yage. Baba ya ce sai ƙarshen wata." Na dubi layin da ke bayansa, yara suna jiran su ga abin da zan yi, na ce ya koma gida. Bai yi gardama ba. Ya gyara jakarsa ya juya. Sai da ya yi kwana tara bai dawo ba, kuma a cikin kwanakin nan aka fara sabon babi a lissafi wanda bai taɓa kamo shi ba har ƙarshen zango. Na kiyaye doka, ba shakka. Abin da har yau na kasa faɗa shi ne wace tarbiyya yaron nan ya koya a kwana taran da ya yi a waje.

Shi ya sa nake cewa hukunta ɗalibi a kan yunifom barin jaki ne ana dukan taiki. Ɗan shekara 13 ba shi ke sayen takalmi ba. Ba shi ya zaɓi ya ƙara tsawo a cikin hutu har wando ya ɗage masa ba. Idan aka sa shi tsallen kwaɗo, ko aka tsayar da shi gaban taron safe ana nuna shi, aljihun ubansa ake hukuntawa a jikinsa, a gaban abokansa, wato ainihin tozarcin da aka ce yunifom ya zo ya hana.

Wanda yake ganin wannan tausayi ne kawai na tsohon malami, ya dubi abin da ya faru a yammacin Kenya. Ƙasar ta soke kuɗin makarantar firamare a 2003, amma yunifom, wanda a lokacin bai wuce kimanin dala 6 ba, ya ci gaba da tare wa yara hanya. Masana tattalin arziki uku, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, suka gudanar da gwaji a makarantu 328, inda a wasunsu aka ba 'yan aji shida yunifom kyauta, yara masu shekara 13 zuwa 14. Bayan shekara uku, 'yan matan da suka bar makaranta sun ragu daga kashi 19 zuwa 16 cikin ɗari, ciki a ƙuruciya kuma ya ragu daga kashi 16 zuwa 13. Duflo da Kremer suna cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 2019 saboda irin wannan aiki. Ga hujja mafi ƙarfi da na sani a kan amfanin yunifom, kuma abin da take nunawa shi ne amfanin ba da shi. Masu wa'azin tarbiyya ba sa kawo wannan bincike a bakinsu, domin yana nufin su za su sa hannu a aljihu.

A gaskiya ma sau da yawa aljihun nasu cika yake yi. Kowa ya san salon. Riga mai bajo, wando mai bajo, rigar sanyi mai bajo, kayan wasanni na daban, laktaye, bel, har safa da tambarin makaranta, kuma duk ba a samunsu sai a ofishin makarantar ko wurin ɗan kwangila guda da aka ba aikin. Bayan shekara biyu a sauya launi, kayan da wa ya gama da su ƙane ba zai gada ba. Uwa da za ta iya sayen yadi ta kai wa tela an toshe mata hanya. Ba a ƙasashe matalauta kaɗai ake wannan ba. A Ingila sai da majalisa ta yi doka a 2021 ta tilasta wa makarantu la'akari da tsadar kaya, da rage masu tambari, da samar da hanyar sayen na hannu. Da aka ga wasu sun yi kunnen uwar shegu, sai gwamnati ta kawo ƙudiri a ƙarshen 2024 na ƙayyade kayan tambari zuwa uku, a sakandare huɗu idan ɗaya laktaye ne. Idan har sai majalisar ƙasa ta zauna ƙidayar bajo, to abin ya tashi daga tarbiyya ya koma kasuwa.

Sannan ga inda dokar ke zarce tufafi ta shiga jikin yaro da imaninsa. A Osaka ta Japan wata ɗaliba ta kai ƙara a 2017 saboda an matsa mata ta rina gashinta baƙi, alhali ta ce da mai ruwan ƙasa aka haife ta. Sai a 2022 hukumar ilimi ta Tokyo ta soke irin waɗannan dokoki a makarantunta, har da wadda ke ƙayyade launin kamfai, kuma mutum ya tambayi kansa yadda ake duba cika wannan doka. A Ghana makarantar Achimota ta ƙi karɓar ɗalibai biyu 'yan Rasta a 2021 saboda gashinsu, sai da kotu ta ce a karɓe su. A Legas babbar kotu ta goyi bayan hana hijabi a makarantun gwamnati a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2016, Kotun Ƙoli ta rufe maganar ranar 17 ga Yunin 2022. Shekara takwas, alhali sakandaren gaba ɗayanta shekara shida ce. A Ilori kuwa gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 a watan Fabrairun 2021 a kan rikicin hijabi, aka zaunar da mai hijabi da marar hijabi duka a gida. Manya suna ta kokawa a kan wa ya mallaki makaranta, yara suna asarar zango.

Ana cewa idan aka buɗe ƙofa ga ɗaya, kowa zai zo da nasa. Wannan hujjar malalaci ce. Hijabi mai launin rigar makaranta bai hana kowa jin darasi ba, kuma wanda ya nemi a bar 'yarsa ta rufe kanta ba shi da bakin hana ɗan wani barin gashinsa ko rataya gicciyensa. Ma'aunin ɗaya ne: shin abin yana hana karatu, ko yana jefa wani cikin haɗari a ɗakin gwaje-gwaje ko filin wasa? In amsar a'a ce, shugaban makaranta ya kama gabansa, akwai azuzuwan da ba malami suna jiransa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A zaɓi launi da ɗinki mai sauƙi wanda kowane tela zai iya, bajo ya zama guda ɗaya da ake sayarwa daban a ɗinka a gida. Kada a sauya kaya sai da sanarwar shekaru. Kowace makaranta ta ajiye akwatin kayan da masu fita suka bari. Duk gwamnatin da ta wajabta yunifom ta ɗauki nauyin wanda ba shi da hali. Sama da komai, a haramta mayar da ɗalibi gida ko dukansa saboda abin da ke jikinsa. Idan akwai magana, a kira uban a ofis a yi ta manya.

Na san za a ce na sassauta, yara za su raina doka. Yaran da na koyar ba su taɓa raina malamin da yake shiga aji a kan lokaci ya kuma san darasinsa ba, ko da kuwa bai taɓa duban ƙafar kowa ba. Wanda suke yi wa dariya a bayan ido shi ne mai tsayawa a ƙofa da almakashi tun ƙarfe bakwai, ya yi wa wannan gyaɗa-gyaɗan aski, ya yanke wa wancan ƙafar wando, sannan a buga ƙararrawar darasin farko a neme shi a rasa.