30M a bayan agogo ba izinin nutso bane

Abinda ke cin mutane wajen siyan agogon nutso na farko shine rubutun 30M ko 50M ɗin nan, mutum ya gani ya ɗauka shikenan zai iya nitsa mita 30 cikin teku da shi. Ina! A ɗakin gwaji aka auna, agogo sabo fil, robobin da ke tare ruwa basu tsufa ba. Mai 30M iyakarsa wanke hannu da yayyafi, ka shiga iyo da shi gobe kaga gumi ya kwanta a cikin gilashi.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta agogon nutso, wato ISO 6425, daga mita 100 take farawa, ni dai shawarata ka nemi 200M, wanda kan saitin lokacinsa murɗawa ake ya kulle tamau kamar sukuru, zoben saman kuma, na ƙirga lokacin nutso, gefe ɗaya kawai yake juyawa, don in ya goce lokacin da ya rage maka a ruwa raguwa zai yi ba ƙaruwa ba. A duhu ma hannayen su haska.

Kuma fa ba sai Rolex ba. Casio MDV-106 mita 200 ne, batir yake ci, kuɗinsa baya karya aljihu.