Garin Gyaran Gira: Nasiha Ga Masu Neman Rage Ƙiba Cikin Gaggawa

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar La'asar, aka kira ni daga gidan yayata da ke cikin birnin Zariya, kusa da Ƙofar Doka, aka ce in yi maza in zo da mota, 'yarta ta yanke jiki ta faɗi a bakin banɗaki. Yarinya ce mai shekara ashirin da shida wadda aka riga aka sa ranar aurenta, kuma tun tana ƙarama Allah ya yi ta mai jiki. Na same ta kwance a kan tabarma, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, idanunta sun faɗa, hannunta sanyi ƙalau. Da muka isa asibiti aka ɗaura mata ruwa, likita ya tambayi abin da take sha, sai ƙanwarta ta zaro leda daga jaka. Ƙullin ganyen shayi ne da wasu ƙwayoyi a cikin roba, babu sunan kamfani, babu lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC, babu ranar da maganin zai lalace, sai hoton wata mace mai siririn ƙugu. Kwana goma sha ɗaya ta yi tana shan wannan abu safe da dare, ba ta cin komai sai kokwamba da ruwan zafi. Da ta farfaɗo na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Kawu, wata ɗaya da rabi ya rage, kuma mai sayarwar ta rantse mini zan zubar da kilo goma sha biyar kafin ranar kamu."

Tun daga wannan rana raina bai kwanta ba, shi ya sa nake son in yi magana da ku, ƙannena da 'ya'yana maza da mata, da ma sa'o'ina waɗanda tumbi ya fara hana mu ganin yatsun ƙafa. Ba na zargin wanda yake son ya rage nauyi, domin ƙibar da ta wuce kima ciwo ce, ita ce ke buɗe wa hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa ƙofa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ita. Abin da ke ɓata mini rai shi ne gaggawa. Jikin da aka shekara goma ana tara masa kitse, loma bayan loma, shi ake so a narkar cikin mako uku da ganyen da ba a san asalinsa ba. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba, mu kuwa mun dage cewa lallai akwai wani tsalle guda da ake sayarwa a WhatsApp.

Ya kamata ku san abin da kuke zuba wa cikinku. Da yawa daga cikin irin waɗannan shayin, abin da ke aiki a cikinsu filasko ne ko danginsa, wato ganyen da kakanninmu suka sani tun fil azal a matsayin maganin wanke ciki, suna shan sa sau ɗaya idan ciki ya ɗaure, su ajiye. Wasu kuma ana haɗa su da abin da ke sa yawan fitsari. Mutum ya wuni yana zarya tsakanin ɗaki da banɗaki, bayan kwana huɗu ya hau sikeli ya ga kilo biyu ya tafi, ya yi murna, mai sayarwa ta ɗauki hoton sikelin ta yaɗa don ta kama wasu. Ruwan jiki ne ya zube, kitsen yana nan inda yake, kuma tare da ruwan nan gishirin jiki yake fita, musamman sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Idan abin ya daɗe ƙoda ce ke ɗaukar wahalar. Su kuwa ƙwayoyin da ba su da suna, hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin irinsu, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wannan shi ne abin da budurwa take haɗiya da bisimilla, don wata da ba ta taɓa gani ido da ido ba ta ce mata "wallahi na gargajiya ne zalla". Ita rantsuwar nan ma da ta zama jarin 'yan kasuwar zamani abin kuka ce, mutum ya kira sunan Allah a kan kayan da shi kansa bai san abin da ke ciki ba.

Maza kada ku ce da mata nake. Na ga magidanci ya tsaya a tasha ya sayi jarkar maganin narka tumbi a wajen mai lasifika, maganin da aka ce shi ne kuma na basir da taifot da sanyin ƙashi. Na ga saurayi ya naɗe cikinsa da leda, ya ɗora rigar sanyi, yana gudu da tsakar rana a watan Afrilu, wai yana ƙona kitse, bai san gumi ruwa ba ne, kofi biyu zai mayar da shi. Akwai kuma masu horon kai da yunwa, su ƙaurace wa abinci kwana da kwanaki, jiki ya shiga cinye tsokarsa, ga jiri ga zafin rai, a ƙarshe yunwa ta ci ƙarfinsu su afka wa tukunya, nauyin ya dawo har da riba. Zubar da nauyi da gudu irin wannan yana iya haifar da tsakuwa a matsarmama, kuma mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, idan ya daina cin abinci ba tare da sanin likita ba, sugansa yana iya faɗuwa ya suma. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Wani abin takaicin shi ne kasuwa ɗaya ce ke sayar da guba biyu. Wadda ke tallar shayin rama yau, ita ce gobe za ta tallata wa siririyar amarya "sha ka fashe", kuma da yawa daga cikin waɗannan magungunan ƙiba ƙwayoyi ne masu ƙarfi da likita ke rubutawa don wasu cututtuka, suna kumbura fuska, suna tayar da suga da hawan jini. Mun mayar da jikin 'ya'yanmu mata kamar ɗinki, a rage nan a ƙara can kafin biki. Mu ma 'yan uwa muna da kaso a laifin, domin yarinyar nan ta gaya mini cewa babu taron suna ko biki da za ta je ba a yi mata ba'a da jikinta ba. Wanda aka dame shi da gori, duk abin da aka miƙo masa zai karɓa.

Mai son rage nauyi mai yawa, da asibiti ya kamata ya fara. A auna nauyinsa da tsawonsa, a duba jininsa da sugansa, a bincika ko akwai wani dalili a ɓoye, domin wata ƙibar daga matsalar maƙoƙo take, wata daga rikicewar sinadaran haihuwa ga mata, wata kuma daga wani magani da mutum ya daɗe yana sha. Lissafin da likitoci ke yi ba shi da wuya: a raba nauyi na kilo da tsawo na mita, sannan a sake raba abin da aka samu da tsawon. Mai kilo 95 da tsawon mita 1.65 zai samu kusan 35, alhali daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da ake kira cuta. Irin wannan mutum idan ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo biyar zuwa tara da rabi, hawan jininsa da sugansa sukan nuna sauƙi tun kafin maƙwabta su lura ya rame. Saurin da masana suka yarda da shi rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a mako. Ku kwatanta wannan da kilo goma sha biyar cikin wata da rabi da aka yi wa 'yar yayata alkawari, ku gane irin ƙaryar da aka sayar mata.

Ni kaina da likita ya gargaɗe ni shekaru uku da suka wuce, abin da ya fara sa ni shi ne in sami ɗan littafi in rubuta duk abin da ya shiga bakina na mako guda, ba tare da na canza komai ba. Da na karanta a ƙarshen mako na ga ashe tuwon dare da nake zargi ba shi ne babban mai laifi ba. Shayin safe ne mai cokali huɗu na suga da madarar gwangwani, da lemon kwalba bayan Azahar, da zoɓo mai zaƙi da yamma, da fanke da ƙosai da ake tsinta a wurin aiki ba da yunwa ba, sannan tsire bayan Isha'i a majalisa. Babbar robar lemo guda ta rabin lita tana ɗauke da suga fiye da ƙananan cokula goma, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da baligi ke ƙarawa ya wuce kimanin cokali goma sha biyu a yini, kuma in ya tsaya a shida ya fi. Mai kuwa, na gyaɗa ne ko manja, kowane giram nasa ya ninka giram na tuwo ko shinkafa ƙarfi fiye da sau biyu, ga shi mun saba sai miya ta yi iyo a cikin mai muke cewa ta yi daɗi. Da abin sha na fara, na bar sauran yadda suke har wata guda, sannan na rage malmala na ƙara miya da ganye. Zogale da rama da kuka da kuɓewa da yalo da wake duk suna nan a kasuwar Tudun Wada da ta Sabon Gari, kuɗin ledar shayin nan guda zai sayi na kwanaki da yawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, kuma kowa a cikinmu ya ji wannan hadisi tun yana makarantar Islamiyya. Mun haddace shi, mun bar shi a allo, mun koma neman gajeriyar hanya a wajen 'yan talla.

Haka batun motsa jiki. Minti 150 a mako ake nema, wato tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta rabin awa sau biyar, kuma mai nauyi sosai ya fara da minti goma bayan sallar Asuba don kada gwiwa ta ba shi matsala, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Wannan bai yi wa masu gaggawa daɗi ba, saboda ba shi da hoton "kafin" da "bayan" da za a nuna wa ƙawaye cikin kwana goma. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, amma yaran yanzu sun fi son a ce musu gobe za su isa ko da motar ba ta da birki.

Idan na tuna Zariyar da na tashi a cikinta sai in ji ƙwalla. Mahaifinmu a kan keke yake zuwa aiki daga birni zuwa Sabon Gari, ya dawo, har ya tsufa. Ɗalibai da ƙafa suke ratsa Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Iyayenmu mata su yi surfe, su yi daka, su ja guga a rijiya, abincin gida kuwa dawa ce da gero da miyar ganye, lemon kwalba sai ranar salla ko in baƙo ya zo. Yau yaro ba zai je bakin layi sayen kati ba sai ya tsayar da acaɓa, ya raba dare yana latsa waya, ya aika a soyo masa taliya da ƙwai uku wajen mai shayi da ƙarfe sha ɗaya, ga ƙarancin barci shi ma yana ƙara wa mutum ci. Ba ina cewa a koma daka da turmi ba, sauƙin da Allah ya kawo ni'ima ce. Abin da na fi jin zafin rasa shi shi ne haƙuri. A garin nan ne mai ɗinkin hannu yake zama a zaure watanni yana yi wa babbar riga aiki da allura, zare bayan zare, ba ya ƙosawa, a garin nan ne almajiri yake shekaru yana wanke allo kafin ya sauke. Jikokin waɗannan mutane ne yau ba za su iya ba jikinsu wata shida ba, sun gwammace su ba wata baƙuwar lamba kuɗinsu da ƙodarsu.

An sallamo yarinyar bayan kwana biyu, kuma likita ya ce an yi sa'a ƙodarta ba ta taɓu ba, amma ya sa ta dawo a sake gwaji. Muna cikin mota a hanyar gida saƙo ya shigo wayarta daga mai shayin, tana cewa jirin da take ji alama ce maganin ya fara aiki, ta daure ta sayi zagaye na biyu a farashi mai rahusa. Na karɓi sauran ledar na ƙona ta a bayan gida da hannuna. Mun yi magana da yayata cewa za a rage mai da suga a tukunyar gidan gaba ɗaya, don kada a ware yarinyar da kwanonta daban kamar mai laifi, ni kuma na yi mata alkawarin zan riƙa biyowa bayan Asuba mu taka tare da ƙanwarta zuwa bakin ganuwa mu dawo. Telan da ke ɗinka kayan bikin kuwa, na ce a gaya masa ya yanka daidai jikinta na yanzu.